Busa Usur ko Barin Wasa Ya Gudana: Yadda Alƙalai ke Hukunta Laifukan Kafin Sakin Ƙwallo a Ƙwallon Amurka

Masu kallo, ku dubi yadda aka jeru a fili. 'Yan wasa 11 na ɓangaren hari sun fuskanci 11 na ɓangaren tsaro, ƙwallo tana ajiye a ƙasa, kuma wasa ba ya farawa sai ɗan tsakiya ya sake ta ta tsakanin ƙafafunsa zuwa ga jagoran hari da ke bayansa. Tsakanin sahun nan biyu akwai 'yar rata daidai tsawon ƙwallon, wato kimanin inci 11, wadda ba a yarda kowa ya shiga ba in ban da ɗan tsakiyar da ke riƙe da ƙwallon. Yawancin laifukan da za mu yi magana a kansu a bakin wannan rata suke faruwa.

A gasar NFL, wato babbar gasar ƙwararrun ƙwallon Amurka, alƙalai 7 ne ke cikin fili, amma biyu daga cikinsu ne suka fi ɗaukar wannan nauyi. Suna tsayawa a gefe da gefe, daidai kan layin da ƙwallon take, suna fuskantar juna, ta yadda duk wanda kansa ko ƙafarsa ta tsallake za su gan shi. Shi ya sa za ku riƙa ganin ɗan wasan da ke can gefe yana nuna alƙali da hannu kafin ya tsaya: tambaya yake yi ko ya tsaya daidai, domin doka ta wajabta wa ɓangaren hari ya jera aƙalla mutum 7 a kan layi.

Hukuncin kusan duk waɗannan laifuka ɗaya ne, wato yadi 5. Abin da ke da wuya shi ne shawarar da alƙali zai yanke cikin ƙiftawar ido: ya busa usur ya tsayar da wasan, ko kuwa ya jefa ƙyallensa mai ruwan ɗorawa ya bar wasa ya ci gaba?

Idan ɗan harin da ya riga ya tsaya ya zabura kamar an saki ƙwallo alhali ba a sake ta ba, nan take ake busa usur, sai babban alƙali mai farar hula ya juya damatsansa a gaban ƙirji yana sanar da laifin. Haka nan ake tsayar da wasa idan ɗan tsaro ya tsallaka ya taɓa abokin hamayya, ko ya shiga ratar har ya sa wanda ke gabansa ya motsa, ko kuma ya sami hanya a buɗe ya nufi jagoran hari babu mai tare shi. A ganina wannan na ƙarshe shi ne ya fi cancantar a busa da sauri, saboda barin ƙato ya afka wa mutumin da bai shirya ba zai iya jawo mummunan rauni.

Amma idan ɗan tsaro ya yi satar gida kawai, wato an saki ƙwallo yana cikin ratar bai taɓa kowa ba, to ƙyalle ake jefawa, wasa ya ci gaba. Wannan garaɓasa ce ga masu hari, domin in jifar ta yi kyau su ƙi karɓar hukuncin, in ta ɓaci su karɓi yadi 5 a sake. Jagoran hari Aaron Rodgers ya yi suna wajen canza amon kiransa na a saki ƙwallo don ya yaudari masu tsaro su tsallaka, sannan ya yi doguwar jifa ba tare da fargaba ba. Alƙalin da ya yi gaggawar busawa a nan ya ƙwace wa ƙungiya haƙƙinta.

Kansas City Chiefs sun ɗanɗani ɗacin wannan doka sau biyu. A watan Janairun 2019, a wasan neman zuwa Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, sun cafke jifar Tom Brady, jagoran harin New England Patriots, ana saura kimanin minti ɗaya, amma aka soke saboda ɗan tsaronsu Dee Ford ya tsaya cikin ratar, daga baya kuma New England Patriots suka ci 37 da 31 a ƙarin lokaci. A watan Disambar 2023 kuma ƙafar Kadarius Toney, wanda ɗan hari ne, ta wuce layi, aka soke makin da ya ci, Buffalo Bills suka yi nasara 20 da 17. Kocin Chiefs Andy Reid ya yi ƙorafin cewa ba a gargaɗe su ba, sai dai gargaɗi alfarma ce, ba tilas ba ne a kan alƙali.

Sai kuma batun agogo. Yawanci ɓangaren hari yana da daƙiƙa 40 ya saki ƙwallo, kuma alƙalin da ke can bayan masu tsaro ne ke lura: in agogo ya kai sifiri sai ya dubi ƙwallon, in ba a sake ta ba ya jefa ƙyallen jinkiri. A cikin minti 2 na ƙarshen kowane rabi, idan ɗan hari ya zabura agogon wasa yana tafiya, ana iya zaftare daƙiƙa 10 ban da yadi 5, sai fa in ƙungiyarsa tana da sauran damar neman hutu ta sadaukar da ita. In ba ta da ita, kuma lokacin da ya rage bai wuce daƙiƙa 10 ba, rabin ya ƙare ke nan.