Mutum biyu, kwamfuta ɗaya: shirin zagayen rubuta kod tare a intabiyun aiki

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau ina tare da Malam Bashir da ƙaninmu Usman. An kira Usman intabiyun aikin rubuta manhaja, kuma an gaya masa akwai zagayen da zai zauna ya rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, tare da ɗaya daga cikin injiniyoyin kamfanin. Usman, me ya fi tsaya maka a rai?

Usman: Wallahi Yaya Zainab, ido. In ni kaɗai ne, yaren rubuta kod na Python ba ya ba ni wahala. Amma da zarar wani ya zuba mini ido ina rubutu, sai kaina ya kulle.

Bashir: To bari mu fara daga tushe, Usman. Ba don a tsorata masu neman aiki aka ƙirƙiro wannan salo ba. Injiniyan manhaja Kent Beck da abokan aikinsa ne suka yayata shi a ƙarshen shekarun 1990, cikin tsarin gina manhaja da suka kira Extreme Programming. Mutum biyu a kan aiki ɗaya: ɗaya ne direba, hannunsa a kan madannai, ɗayan mai nuna hanya, yana hangen inda aka dosa yana tsinto kuskure. Sai su riƙa musaya. Wata mai bincike, Laurie Williams, ta gwada hakan da ɗalibai a Jami'ar Utah da ke Amurka, ta ga kod ɗin da aka rubuta bibbiyu ya fi na mutum ɗaya ƙarancin kurakurai. Kamfanonin manhaja irin su Thoughtworks da wannan salo aka san su. Don haka wanda ke gefenka ba alƙali ba ne, tambayar da ke ransa ita ce: zan iya wuni ina aiki da wannan mutumin?

Usman: Ke nan ba gama aikin ne ma'auni ba, Malam?

Bashir: Gamawa na da daɗi, amma ba ita kaɗai ake dubawa ba. Shiru ne yake kayar da mutane.

Zainab: Ni shaida ce. Akwai intabiyun da na taɓa yi, na duƙufa ina rubutu kusan minti goma sha biyar ban ce uffan ba. Injiniyan ya ce, "Ina ganin akwai hanya mafi sauƙi." Na ce to, na ci gaba da tawa. Kod ɗin ya yi aiki, amma ba su ɗauke ni ba, kuma abin ya daɗe yana damuna. Daga baya na gane hannu ya miƙo mini, ni kuwa na bar shi a miƙe.

Usman: To me zan riƙa cewa? Ba na son in yi ta surutu barkatai.

Bashir: Bari mu gwada yanzu. Na ce maka ka rubuta fankshin, wato ɗan guntun kod mai yin aiki guda, da zai ƙirga sau nawa kowace kalma ta fito a cikin wani rubutu. Bismillah.

Usman: Sai in raba rubutun kalma-kalma, in zuba a cikin dikshinari na Python, wato ma'ajiyar da za ta riƙe kowace kalma da adadinta...

Bashir: Dakata. Ka riga ka hau mota ba ka tambayi inda za a je ba. Kalmar da ta fara da babban baƙi da wadda ta fara da ƙarami, ɗaya ce ko biyu? Waƙafi da aya da ke manne da kalma fa? In aka ba ka rubutun da babu komai a ciki, me za ka mayar? Waɗannan tambayoyin ba sa cin minti biyu, amma su ne ke nuna ka san aiki. Bayan nan ka faɗi shirinka da baki kafin ka taɓa madannai. Ka ce, zan fara da hanya mafi sauƙi, in ta yi aiki sai mu gyara. In ka tuna akwai Counter a Python da ke yin wannan ƙirgar, ka tambaya ko an yarda ka yi amfani da shi.

Zainab: Kuma in kamfanin masu fara rubuta gwaji ne kafin kod, wato ɗan kod da ke duba ko aikin ya yi daidai, ka saba da zagayen nan uku: gwajin ya faɗi ya nuna ja, ka rubuta ɗan abin da zai mayar da shi kore, sannan ka tsabtace. Ƙananan matakai, kana kunna kod ɗin a kai a kai.

Usman: In na maƙale fa? Ko na manta yadda ake rubuta wani abu?

Zainab: Ka faɗa fili. "Na manta sunan wannan fankshin, zan iya dubawa?" Ba wanda ya haddace komai. Abin da ba a so shi ne ka yi tsit kana fatan Allah Ya sa ba a lura ba.

Usman: In kuma ya ba ni shawarar da nake ganin ba daidai ba ce?

Bashir: Nan ne wurin da na fi so. Kada ka bi shi ido rufe don ladabi, kada kuma ka yi gardama. Ka ce, ina jin wannan hanyar za ta karye in rubutun ya zo babu komai, mu rubuta gwaji mu gani. Ka ga kod ɗin ne zai raba gardamar.

Zainab: Sai batun kayan aiki a gurguje. Zagayen yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, wani lokaci fiye. Ka tambaya tun da wuri a ina za a yi, a manhajar rubuta kod tare ta intanet ne, irin su CoderPad ko Live Share na VS Code, ko kwamfutarka za ka nuna musu ta Zoom. Ka kuma tambaya ko an yarda da bincike a Google ko amfani da Copilot, manhajar AI mai taya rubuta kod, don kowane kamfani da dokarsa. Ka gwada intanet da makirufo tun daren ranar.

Usman: Ni dai atisayen nake bukata. Ban taɓa rubuta kod ina magana ba.

Bashir: Gobe bayan la'asar ka kira ni, mu yi awa guda. Kai ne direba rabin lokacin, sannan mu musaya. Kuma ka sani, da gangan zan ba ka shawara ɗaya marar kyau, in ga yadda za ka yi da ita.

Usman: Allah Ya kai mu, Malam. Na gode.