Na fita neman ƙaramin osiloskop a kasuwar Shenzhen, ga abin da na gani

Assalamu alaikum jama'a, Zage-zagi na gida ina gaisuwa, 'yan Samaru, 'yan Sabon Gari, 'yan Tudun Wada, da ku masu gyara na PZ da kullum kuke min saƙo wai in duba muku farashin kaza. Ku yi haƙuri da hayaniyar da kuke ji a bayana, Huaqiangbei ce nan a Shenzhen, wannan dogon ginin da kuke hange shi ne SEG, kasuwar kayan lantarkin cikinsa tun 1988 take, kuma wallahi in ka shiga ba ka san me kake nema ba sai kuɗinka sun ƙare a hawa na biyu. Yau osiloskop na hannu nake nema, ƙarami mai batir, wanda zan riƙa wasa da shi a ɗaki in na dawo daga aji, in kuma ya yi kyau in aika wa ƙanena guda ɗaya don shi ma ya tsunduma harkar haɗa inbata.

Toh bari in fara da tambayar da wani bawan Allah ya min, ya ce Malam ni ina da mita, wato 'yar na'urar nan ta auna bolt, me zan yi da wannan abin? Mita lamba ɗaya take ba ka, ta ce 5V ko 12V ko 230V shikenan ta yi shiru. Kamar a ce maka an tashi ƙwallo biyu da ɗaya ne, ka ji sakamako amma ba ka shiga gidan kallo ba balle ka san wa ya yi wasa wa ya kwanta. Osiloskop shi zana maka wutar yake a allo, yadda take hawa da sauka a cikin lokaci, gefen tsaye bolt, gefen kwance lokaci. Caja za ta iya nuna maka 5V cif a mita amma in ka ɗora ta a kan wannan ka juya shi zuwa AC, wato ya nuna motsin wutar kaɗai, sai ka ga wutar tana ta rawa saboda kafasita ta bushe, kuma wannan rawar ce take sa tacin waya ya riƙa hauka in ana caji. Amfilifayar masallaci da liman yana ɗaga murya sai ta fara karce, in ka sa mata sautin 1kHz, wato mai hawa da sauka sau dubu a daƙiƙa, ka kalli abin da yake fita za ka ga saman igiyar an yanke shi ya zama shafaffe, ka san ke nan an wuce ƙarfinta ko wutar da take ci ta gaza.

Babban abin da ya fi damunmu a gida shi ne inbata. Kowa yanzu sola yake sawa, kuma kowane kwali an rubuta masa tsantsar sain. Ita wutar NEPA igiya ce mai santsi, ita ake cewa sain, tana hawa tana sauka sau 50 a daƙiƙa. Inbata mai araha kuwa da yawa matakala take fitarwa, ta hau ta tsaya, ta sauko sifili ta tsaya, ta gangara ƙasa, shi ya sa fanka take wannan kukan, firij yake zafi, taransifoma take gurnani. Mita mai arha an ƙera ta ne a kan cewa sain za ta auna, in ka ba ta matakala sai ta ba ka lambar da ba daidai ba ma. Da osiloskop kuwa ba musu, kana kunnawa kana gani.

Yawwa, mun shigo ciki. Kun ga layin nan duk kayan awo ne, mita, abin hura iska mai zafi, kan soda, madubin ƙara girma. Na ƙasa-ƙasa a farashi su ne irin DSO138 na kamfanin JYE Tech, wanda ake sayar da shi a warwatse kai za ka haɗa da kanka da soda, canel ɗaya, wato waya ɗaya kawai yake iya kallo a lokaci guda, iyakarsa 200kHz. Ga kuma DSO152 na FNIRSI, kamfanin nan garin ne, shi ma 200kHz amma a haɗe yake da batirinsa, bai kai tafin hannu ba. In kai ɗalibi ne a ABU ko Nuhu Bamalli kana son ka ga me ake nufi da igiyar da ake zana muku a allo, ko sauti kawai kake aiki da shi tunda kunnen mutum a 20kHz yake tsayawa, waɗannan sun isa a fara. Shi DSO138 ma haɗa shi kaɗai makaranta ce. Amma ni ba nan na tsaya ba, saboda canel ɗaya.

Ga dalili. Yawancin inbatar da yaranmu suke haɗawa da wani ɗan cip mai suna SG3525 suke yi, shi kuma ƙafa biyu yake fitarwa, su ne suke sarrafa MOSFET, wato makunnan lantarki da ke sakin wutar batir, wannan ta kunna rukunin MOSFET na hagu ta kashe sannan waccan ta kunna na dama, kuma dole a samu ɗan tazara tsakaninsu, in suka haɗu a kunne lokaci ɗaya ko na ƙiftawar ido ne sai ka ji fas, hayaƙi, kuɗin MOSFET sun tafi. Wannan tazarar ba za ka gan ta da kyau ba sai ka ɗora layi biyu a allo ɗaya, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Haka in kana wasa da Arduino, 'yar ƙaramar kwamfutar nan ta haɗe-haɗe, kana son ganin I2C, hanyar da take magana da wasu kayan, waya biyu ce, ta agogo da ta saƙo. Don haka ni canel biyu ne sharaɗina na farko kafin ma a yi maganar MHz, wato sau miliyan nawa igiya take hawa da sauka a daƙiƙa.

Na tsakiya su ne inda kasuwar take. FNIRSI 2C23T a takarda 10MHz ne, canel biyu, da mita a jikinsa da abin fitar da sigina. Hantek 2D72 70MHz. OWON suna da jerin HDS200, akwai mai 40MHz akwai mai 70MHz akwai mai 100MHz. Zoyi suna da ZT-703S mai 50MHz. Abin da na so a Hantek da OWON ɗin nan batir 18650 suke amfani da shi wanda ake cirewa, irin na cikin tsohon batirin laftof da fawa banki, in ya mutu a kasuwar Sabon Gari ma za ka samu wani, ba sai ka jira kaya daga Chaina ba. Da zafin Zariya na watan Afrilu kuwa batir ba ya tsufa da mutunci, wannan ku sa shi a lissafi.

Yanzu maganar lambar da ake rubutawa a kwali, nan ne ake cin mutane. In an ce na'ura 50MHz ce, ba ana nufin za ta nuna maka siginar 50MHz daidai ba, ana nufin a nan ne tsayin igiyar ya riga ya faɗi zuwa kamar kashi 70 cikin 100 na gaskiyarsa. Shi ya sa masu aikin suke cewa ka sayi wanda ya ninka abin da za ka auna sau 5, musamman igiya mai kusurwa, don kusurwar nan tana ɗauke da firikwansi, wato saurin hawa da saukar igiya, masu yawa a sama. Sannan akwai lamba ta biyu da mutane ba sa kallo, sau nawa yake ɗaukar awo a daƙiƙa, ita ake rubutawa MSa/s, wato awo miliyan nawa a daƙiƙa. A lissafi dole ta wuce ninki biyu na siginar, a aikace kuma ana son ninki 5 ko fiye. Toh ka ga kwali an rubuta 100MHz da manyan baƙi amma awonsa 200MSa/s, ɗigo biyu kenan a kowace igiya, me zai zana maka da ɗigo biyu? Wasu kuma in ka kunna canel na biyu sai lambar ta rabu biyu, shi Hantek ɗin ma sun rubuta a fili, 250 in canel ɗaya, 125 in biyu, ni na fi son wanda zai faɗa maka haka tun farko.

Wancan shagon na baya da na ɗauke kyamara, wani ne mai faffaɗan allo ya burge ni, ba zan faɗi sunan ba, an rubuta 100MHz. Na roƙi mai shagon ta jona min shi da injin sigina da ke kan teburinta, da wayata nake fassara mata don Sinancina bai wuce na cefane ba, muna ƙara firikwansi igiyar tana ƙanƙancewa, tun ba mu je ko rabin abin da aka rubuta ba ta zama wata 'yar tsutsa. Ita ma dariya ta yi ta ce ai don kuɗinsa ya yi ƙoƙari. Ba ta yi ƙarya ba, amma ni gara in sayi mai 40MHz na gaskiya.

Kuma ku tambayi kanku me za ku auna. PWM na Arduino Uno, wato kunna wuta da kashewa da yake yi da sauri, 490Hz ne a yawancin ƙafafu, 980Hz a ƙafa ta 5 da ta 6. I2C 100kHz ko 400kHz. Caja da fawa saflai na zamani daga gomomin kHz ne zuwa 'yan ɗaruruwan kHz. Agogon shi kansa Uno ɗin 16MHz. Duk wannan mai 40 ko 50 na gaskiya ya wadatar, mai 10 ma zai yi yawancinsu. Ku kuma masu gyaran waya na PZ gaskiya zan faɗa muku, zai nuna muku ko kiristal na 32.768kHz yana bugawa, zai nuna muku layukan wuta ko suna tashi, amma layukan memori da na allo sun fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, kar wani ya ce muku da shi za ku gano komai. Kuma kar ku yar da mita, yawancin waɗannan 8-bit ne, wato matakai 256 kawai daga ƙasan allo zuwa sama, in batir kake son sanin 12.4 ne ko 12.6 mita ta fi shi.

Mun dawo ɗaki, ga shi na buɗe. Canel biyu, 50MHz a takarda, sunan ba zan faɗa ba kar a ce an biya ni talla. Farashi ma ba zan kira da naira ba don kafin ku kalli bidiyon nan canji ya motsa, abin da zan ce bai kai kuɗin matsakaiciyar wayar Android ba, su kuma na tebur irin Rigol DS1054Z mai canel huɗu sun ninka shi, ga nauyi, ga shi sai da wuta. Abu na farko, tsinken awon yana da ɗan makunni a jiki, x1 da x10. Ku bar shi a x10. A x1 tsinken da kansa yake shaƙe siginar zuwa wajen 6MHz komai tsadar na'urarka. In ka sa x10 sai ka shiga menu ka faɗa wa na'urar, in ba haka ba 12V za ta nuna maka 1.2V. Sai ka jona shi da siginar gwaji ta 1kHz, ka ɗauki ɗan sukudireban roba da suke sawa a kwali ka juya ɗan dunƙulen nan har kusurwar ta miƙe, kun gani yanzu ta lanƙwasa, yanzu ta yi tsini, yawwa nan ne daidai. Menu ɗin da Sinanci ya zo sai da na lalubo Turanci, maɓallan kuma sun yi ƙanana, mai babban yatsa zai sha fama. Tiriga ɗinsa, wato abin da yake faɗa masa lokacin da zai kama hoton igiyar, na so shi, in na sa a kan kama sau ɗaya yana riƙe min lokacin da wuta ta tashi in tsaya in kalla a nitse.

Wannan ɓangaren don Allah ku saurara, musamman kai ƙanena na san halinka. Wutar gida 230V da mita take nunawa, ƙololuwarta tana kai wa wajen 325V. Ɗan kada ɗin nan baƙi mai cizo da ke jikin tsinken a haɗe yake da ƙarfen bakin na'urar, kuma na canel ɗaya da na canel biyu a ciki waya ɗaya ce. Ka maƙala ɗaya nan ɗaya can a wurare mabambanta, ka haɗa su kenan da hannunka. Ka maƙala shi a layin wuta, duk ƙarfen da ke jikin na'urar ya zama wuta. Na tebur kuma kadan nasa da layin ƙasa na soket yake haɗe, shi ya sa mutane suke ƙona su a ɓangaren fawa saflai da ke ɗauke da wutar soket kai tsaye. Na hannu ya tsira daga wannan ne kawai in yana kan batirinsa, don haka kar ka auna wuta mai ƙarfi yana jone da caja ko da laftof. In siffar wutar inbata ko janareto kake son gani, hanya mafi sauƙi ka samo tsohuwar taransifomar rediyo mai sauke wuta zuwa 12V ka auna a bayanta, siffar za ta fito, firikwansi zai fito, kai kuma kana nesa da haɗari. Babbar kafasitar cikin caja da talabijin ma tana riƙe wuta bayan an zare soket, a sauke ta da rezista kafin a sa hannu.

Saura aike. Saboda batirin litiyam da ke ciki masu aika kaya na birnin Gwanzu daban suke lissafa irin wannan kayan, wasu ma ba sa karɓa a jirgin sama sai ka cire, shi ya sa mai 18650 ya sake cin riba, a zare batir a aika gangar jiki a sayi wani a gida. Wani Alhaji da ke komawa ta Kano ya ce zai riƙe min a jakar hannu, daga can a ba direban mota a sauke a Kwangila. Na haɗa da tsinke x100, mai rage wuta sau ɗari, guda ɗaya da 'yan fis na mitar, don su ne in sun ƙone samunsu yake wahala. Bidiyo na gaba zan ɗora shi a kan wata ƙaramar inbatar mota da abokin ɗakina ya saya mu ga sain ce ko matakala. Sai mun haɗu, a gaida gida.