Akwati biyu da maɓalli ɗaya, me ya kawo React?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Wani ɗan ƙaramin shafi ne ya ɓata mini rai a makon jiya. Wani matashi mai koyon gina shafukan intanet ne ya kawo mini shi, yana ta murna. Akwati biyu ne a kai, na suna da na lambar waya, sai maɓallin aikawa. Na buɗe a waya, allo ya tsaya fari fat, na yi ta jira. Na ce masa, "Ɗana, me ka jibga wa abin nan?" Ya ce, "Baba, ai React ne, shi kowa ke amfani da shi yanzu."

Shi kowa ke amfani da shi! Wannan ba hujja ba ce, bin yarima ne a sha kiɗa.

Bari mu bi abin a hankali. JavaScript harshe ne da ake rubuta wa shafi umarni da shi, laburare kuwa tarin umarni ne da wasu suka riga suka rubuta don kowa ya ɗauka; React ɗaya ne daga cikinsu. Kowane laburaren JavaScript da ya yi suna, wata matsala ce ta haife shi. A 2006 da John Resig ya fito da laburaren jQuery, kowace burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, da nata hali, musamman Internet Explorer, sai ka rubuta abu ɗaya sau biyu ko uku kafin ya yi aiki ko'ina. jQuery ya share wa mutane hawaye. Yau kuwa burauza da kanta tana da querySelector na kamo abu a shafi, tana da fetch na ɗauko bayanai, ita kuma Internet Explorer kamfanin Microsoft ya yi mata ritaya a 2022. React da Facebook ya saki a 2013 an yi shi ne don shafin da abubuwa ke sauyawa kowane daƙiƙa, saƙo na shigowa, sanarwa na tashi. A can ya dace. To a shafin akwati biyu, wace matsala ya zo warwarewa? Duk layin umarnin da ka ƙara, wayar mai ziyara ce za ta sauke shi, ta karanta, ta gudanar, da datarsa da batirinsa. Kai kana zaune gaban babbar kwamfuta ba ka ji a jikinka ba.

Na san abin da za a ce: masu ɗaukar aiki React suke nema. To ka koye shi mana, wa ya hana ka? Amma koyonsa daban, ɗora shi kan kowane shafi daban. Kuma yayi ba ya da alƙawari. Google ya fito da AngularJS, wani makamancin React, a 2010, jama'a suka runtuma, a 2016 aka sake gina shi daga tushe, waɗanda suka dogara da tsohon suka koma sake rubuta ayyukansu. Wanda ya san JavaScript ɗin kansa bai girgiza ba.

Ga kuma abin da ya faru a watan Maris na 2016. Wani ya cire ɗan ƙunshinsa mai suna left-pad daga rumbun npm, inda masu rubuta JavaScript ke ajiye umarnin da suka rubuta don wasu su ɗauka, layi 11 kacal, sai ga manyan ayyuka da suka dogara da shi, irin su manhajar Babel, sun cije. Layi 11, jama'a, da kowane ɗalibi zai iya rubutawa da hannunsa!

Idan babbar manhaja za ka gina, tsakanin React da takwarorinsa Vue da Svelte ni kaina ina jinjina kai kafin in zaɓa, kowanne da inda yake da ƙarfi. Amma tambayar farko ba ta canzawa: wace matsala gare ka? In ba ka iya faɗinta a jimla ɗaya ba, ajiye laburaren nan.

Shi dai matashin, na ce ya je ya sake rubuta shafin da HTML, harshen tsara shafi, da JavaScript zalla, ya dawo mu gwada shi a tsohuwar waya.