Gidan Sadaka Daban, Gidan Aikin Tilas Daban

Ku dubi wannan jerin gidaje a Saltaire, arewacin Ingila. Dutse ne zalla, ga lambu a tsakiya, ga bututun hayaƙi sun miƙe sama. Hotunan irinsu ne ke yawo kwanan nan, ana cewa wai nan Turawa ke tsare talakawa suna fasa dutse. A'a, an haɗa abu biyu ne.

Waɗannan gidajen sadaka ne. Titus Salt, attajiri mai masaƙa, shi ya gina guda 45 a 1868, zamanin Sarauniya Biktoriya, domin tsofaffi da gajiyayyu. Kusan abin da muke kira waƙafi: mai hali ya ware dukiya, amintattu su riƙa kula da ita.

Inda aka riƙa fasa dutsen kuwa, wani wuri ne daban. Gidan aikin tilas, inda ake ba matalauta abinci da makwanci a bakin aiki, wanda dokar talakawa ta 1834 ta baza a faɗin ƙasar, da kuɗin haraji. To, yaya za ku bambance su a hoto? Ku ƙirga ƙofofi. A gidan sadaka ƙofofi ne a jere, kowa ya san tasa, da murhunsa, shi ya sa bututun hayaƙin suka yi yawa haka. A gidan aikin tilas babbar ƙofa ce da mai gadi. Ku kalle shi daga sama: katangu sun raba tsakar gida kashi-kashi, maza nan, mata can, yara wani gefe. Miji da mata su shiga tare, a raba su tun daga bakin ƙofa. Da gangan aka tsananta zaman, don kada kowa ya zo sai wanda ya rasa yadda zai yi.

Amma kada mu cika yabo. Gidan sadaka ma, a wancan zamani, da sharaɗi: sai an shaidi halinka, a wurare da dama sai kana zuwa coci, kuma ana iya korarka. Sannan a ganina, wannan ado na tagogi masu tsini da sunan mai kyauta a jikin bango, har da neman suna a ciki.

An soke tsarin aikin tilas a 1930, gine-gine da yawa suka koma asibitoci. Gidajen sadaka kuwa har gobe da mutane a ciki. Wancan labulen da ya motsa, wata tsohuwa ce ke leƙen mai ɗaukar hotonmu.