Mutuwar Dumbledore: ta dace ko dai an zalunce mu ne?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya can kuna jina? To madalla. Kafin mu shiga, duk wanda bai karanta littafi na shida na Harry Potter ba kuma bai kalli fim ɗin ba, ƙofa a buɗe take, don yau tonon silili za mu yi. Littafin nan ya fito tun watan Yuli 2005, fim ɗinsa 2009, in har yanzu kana cewa kar a faɗa maka ƙarshe to wallahi kai ka so (dariya). Sannan malam da na ga yana harara ta tun ɗazu, eh na sani, sihiri haramun ne, ba wanda ya zo nan koyon tsafi. Labari ne ƙagagge, kuma mu marubuta abun da ya kawo mu shi ne mu ga yanda ake gina labari da yanda ake kashe mutum a cikinsa.

Abu huɗu nake so in taɓa. Na farko wa ya kashe shi, na biyu amfanin mutuwar ga Harry, na uku sandar nan, na huɗu kwatanci da wani tsohon a wani labarin.

To wa ya kashe Dumbledore, tsohon da ke shugabantar makarantar sihiri da Harry ke karatu? Kowa zai ce Snape, ɗaya daga cikin malaman makarantar. A saman hasumiyar makarantar Hogwarts, ga wani ɗalibi Draco Malfoy ya riga ya fizge masa sanda amma hannunsa na rawa ya kasa ƙarasawa, ga mutanen Voldemort, babban mugun labarin, sun hau sun kewaye shi, sai Snape ya iso, tsoho ya kira sunansa yana roƙo, shi kuwa ya ɗaga sanda ya sakar masa tsinuwar kisa ya faɗo ƙasa. Harry na wurin a ƙarƙashin mayafin ɓata, Dumbledore ya daskarar da shi ko yatsa ba ya iya motsawa. Wannan a littafi kenan fa, a fim sai suka sa shi ya laɓe a ƙasa yana leƙe, Snape ma ya gan shi ya yi masa alamar ya yi shiru, ni kam wannan canjin bai min ba sam, yaron da muka sani da zafin kai ace yana da ƙafa da sanda ya tsaya kallo? Haba.

Amma ni a nawa karatun, Snape ƙarasawa kawai ya yi. Zobe ne ya kashe Dumbledore, kuma shi ya saka wa kansa da hannunsa. Ku bi ni a hankali nan don nan ne gishirin maganar. Tun farkon littafi na shida muna ganin hannunsa ya yi baƙi ƙirin kamar ya ƙone, duk sanda Harry ya tambaya sai ya ce wata rana zai ba shi labari. Sai a littafi na bakwai, na 2007, muka ji cikakkiyar gaskiya. Ya je tsohon gidan dangin uwar Voldemort, wato gidan Gaunt, ya samo zoben da Voldemort ya ɓoye wani yanki na ransa a ciki. Mutumin nan ya san abun tsinanne ne, ya fi kowa sani, shekararsa ta haura 100, shi ne ya kayar da mugun matsafin nan Grindelwald a 1945, shi kaɗai ne Voldemort ke shakka. Amma da ya ga dutsen da ke kan zoben ya gane dutsen nan ne mai dawo da matattu, sai hankali ya gushe, ya zura a yatsa. Me ya sa? Ƙanwarsa Ariana.

Yanzu wannan yarinyar, bari in ɗan koma baya. Tana ƙarama wasu yara suka ci zalinta har ta samu matsala ba ta iya riƙe sihirinta, uban ya je ya rama aka kai shi kurkukun Azkaban ya mutu a can, uwar ta mutu a wani tashin ciwon yarinyar, sai nauyin gida ya faɗo kan Albus, wato Dumbledore ɗin, saurayi mai ji da kansa da ke ganin duniya ce ke jiransa. Yana cikin wannan ƙuncin Grindelwald ya zo garin, suka ƙulla abota, suna ta mafarkin yanda matsafa za su mulki sauran mutane wai don amfanin kowa. Ƙaninsa Aberforth ya ce ba ka isa ka ja mara lafiya yawon neman mulki ba, faɗa ya kaure tsakanin su uku, da ƙura ta lafa sai ga Ariana kwance ba rai, kuma har Albus ya mutu bai san ko sandarsa ce ta same ta ba. Wurin jana'iza Aberforth ya fasa masa hanci. Kun tuna tun littafi na farko an ce hancinsa a karkace yake kamar an taɓa karya shi? To kun ji. 1997 aka buga littafin da ya kawo hancin nan, sai bayan shekara goma aka biya mu bashin bayaninsa. Marubutanmu na waya masu sakin feji kullum, ku ji fa, wasunku sunan jaruma ma mantawa suke kafin feji na talatin (dariya).

Kuma ku tuna madubin nan mai nuna wa mutum abun da zuciyarsa ta fi so. Harry ya tambaye shi me yake gani, ya ce wai safa, safar ulu mai kauri. Duk mun yi dariya muna cewa tsoho mai barkwanci. Ashe kauce wa tambaya ya yi, iyalinsa yake gani a raye. Haka a kogon nan da suka je neman wata sarƙa mai wani yanki na ran Voldemort, daren da zai mutu, da yake shan ruwan dafin nan Harry na ɗura masa, yana kuka yana cewa laifinsa ne a daina cutar da su. Ariana ce dai. Ina maimaitawa, Ariana ce. Mutumin da aka sha yi wa tayin kujerar Ministan Sihiri yana ƙi don ya san bai da amana in ya riƙe mulki, ya iya tsare kansa daga mulki, amma kewar ƙanwarsa bai iya ba. Shi ya sa nake cewa mutuwar ta dace. Da a fagen fama wani ya fi ƙarfinsa da mun ce ƙarya ne, wa zai iya? Da tsufa ne ya ɗauke shi a kan gado da labarin bai amfana da komai ba. Sai aka kashe shi ta wurin da tun yana saurayi yake da rauni, wurin da mu masu karatu ba mu ma san akwai shi ba. Snape ya tare tsinuwar a hannu ɗaya ya ce masa ƙila shekara guda ta rage, daga nan tsoho ya zauna ya tsara yanda zai kashe sauran kwanakin da yanda zai yi amfani da mutuwar kanta.

Na cinye lokaci ko? Mai gabatarwa na nuna min agogo. To na uku... a'a na biyu ne ko? Na biyu dai. Amfanin ga Harry, wannan kowa ya sani, muddin tsoho na raye yaro ba zai girma ba, duk rikicin da ya shiga mun san akwai mai zuwa ceto. An ɗauke iyayensa, an ɗauke Sirius, aminin mahaifinsa, a littafi na biyar, saura babbar inuwa, dole ita ma ta tafi. Kuma abun takaici sarƙar da suka sha wuya a kanta a kogon ma ta bogi ce, wani mai sa hannu R.A.B. ya riga su. Na wuce.

Kwatancin kuwa Gandalf ne, tsohon matsafin littafin The Lord of the Rings na Tolkien, shi ma ya faɗa rami a Moria wajen tare wa mutanensa dodo, amma aka dawo da shi da fararen kaya. J.K. Rowling ba ta dawo da nata ba, na yaba mata, duk da dai ta ɗan yi mana wayo, ga hotonsa a ofis yana ba Snape umarni, ga shi kuma ya bayyana wa Harry a tashar jirgin King's Cross yana dogon bayani. Mamaci mai yawan magana kenan (dariya). Sandar... bari in ɗauki tambaya tukunna, ƴar uwa can tun ɗazu hannunki a sama.

(Tambaya daga wata mahalarciya: Malam, ka ce ta dace, to amma shi ya ce a kashe shi. Wannan ba kashe kai ba ne? Kuma ina hakkin Snape da aka ɗora wa jini?)

Kai, ƴar uwa kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Na farko dai a wurinmu ba a wannan, ko likita ya ce gobe za ka mutu ba ka da ikon cewa wani ya ƙarasa ka, rai ba naka ba ne, wannan ba ja-in-ja. Amma ko a cikin duniyar littafin maganarki na da ƙarfi. Dalilin Dumbledore shi ne kar ran Draco ya lalace, yaro ɗan shekara 16 da aka tura ya yi kisa don a hukunta ubansa, daga baya ma Snape ya yi wa uwar yaron rantsuwar da in ka karya mutuwa za ka yi. Sannan tsoho ya ce gara ya tafi da sauri a hannun Snape da ya faɗa hannun mutanen Voldemort irin su Greyback ko Bellatrix su wulaƙanta shi. Duk na ji. Amma Snape da kansa ya tambaye shi, to ni nawa ran fa? Amsar da ya samu ita ce wai shi kaɗai ya san ko taimakon tsoho ya kauce wa azaba zai cutar da ransa. Wannan ai zamewa ce. Ka ɗora wa mutum aikin da zai sa duk abokan aikinsa su tsine masa, ya shekara yana shugabantar makarantar da malamai ke kallonsa a matsayin maci amana, ba mai sanin gaskiya sai hoto a bango.

Kuma ga sandar da na ce zan zo kanta, kin kawo ni da kanki. Shirinsa shi ne tunda da yardarsa zai mutu, ba a ci shi da yaƙi ba, ƙarfin babbar sandar nan tasa, wadda ta fi kowace sanda kuma take bin duk wanda ya ci mai ita da yaƙi, zai mutu tare da shi. Sai Draco ya riga ya fizge ta, ta zama tasa ba wanda ya lura. Voldemort kuma ya ɗauka Snape ne mai ita tunda shi ya yi kisan, ya sa macijiyarsa Nagini ta kashe shi. To ko da shirin ya tafi daidai, Voldemort ai haka zai zata, kenan tun farko tsoho ya san inda yake tura bawan Allahn nan. Kar ku manta kuma duk shekarar ya san Draco na neman ransa ya bar shi, har Katie Bell ta taɓa tsinanniyar sarƙa ta kusa mutuwa, Ron abokin Harry ya sha guba, ɗaliban da aka ba shi amana fa kenan. Don haka in kin ce min Snape aka zalunta, ban da ja, ku je babi na 33 na littafin ƙarshe ku sake karanta hirarsu ku ƙirga sau nawa aka tambayi ra'ayinsa. Akwai wani hannun? Malam na ce lokaci ya ƙare, to mai jar hula ka same ni a waje.