Jami'in Duba Gini Ya Ce Aikinka Bai Yi Ba: Wace Doka Ya Dogara Da Ita?

Assalamu alaikum masu kallo. Ga misalin takardu biyu, irin waɗanda jami'in duba gini a Amurka ke bari a wurin aiki idan ya ga matsala. Ta farko ta ce: "Matakala ba ta yi ba, a gyara." Ta biyu kuma ta ce: "Matakalar hawa bene, taki na uku, tsayinsa inci 8 da rabi. Iyakar da aka yarda inci 7 da kwata uku ce. Sashe na R311.7.5.1, bugun 2021." Kafintan da ya karɓi ta farko sai ya kama buge-bugen waya yana tambayar abin da ake nufi. Wanda ya karɓi ta biyu kuwa, awonsa zai ɗauko ya hau matakalar ya gani da idonsa.

Wannan muhawara ta daɗe tsakanin jami'an duba gini da 'yan kwangila a can: dole ne jami'i ya rubuta lambar sashen dokar da aka karya, ko bayanin laifin kawai ya isa?

Domin a gane dalilin rigimar, sai an san yadda dokar take. Amurka ba ta da dokar gini guda ɗaya da ta hau kan kowa. Akwai wata ƙungiya mai suna International Code Council, da aka kafa a 1994, ita ke wallafa kundin ƙa'idojin gini, kuma duk shekara uku take fitar da sabon bugu. Kundin ba ya zama doka sai jiha ko gari ya ɗauke shi, kuma da yawa sukan yi masa kwaskwarima kafin su ɗauka. Jihar Pennsylvania, alal misali, ta yarda tsayin takin matakalar gida ya kai inci 8 da kwata. Kenan matakalar da ta wuce lafiya a can, a wata jihar sai an ɓalle ta. Ko lambobin sassan ma suna motsi, don bugun 2024 na kundin gidajen zama ya sake jera babi na uku. Jami'in da ya ce "doka ta hana" bai gama magana ba sai ya faɗi wace doka, ta wace shekara, wadda garin ya amince da ita.

Masu cewa ba sai an rubuta lamba ba suna da hujjarsu. Jami'i guda yana zagaya wuraren aiki da yawa a rana, a cikin rana ko ƙanƙara, kuma kundin littafi ne mai kauri, ban da na lantarki da na famfo. Suka ce ɗan kwangila mai lasisi aikinsa ne ya san doka. Suka ƙara da cewa lamba kaɗai ba ta gyara komai, wanda kuma gaskiya ne: idan aka rubuta R312.1.3 aka tsaya, mai gida bai san cewa ana maganar ratar da ke tsakanin sandunan shingen baranda ba ne, wadda bai kamata ƙwallo mai faɗin inci 4 ta iya ratsawa ba, saboda ƙananan yara.

Duk da haka, a ganina lambar wajibi ce, tare da bayani cikin harshe mai sauƙi. Babban dalilina shi ne, jami'i ɗan Adam ne, yana da abin da ya saba da shi. Wani ya yi shekaru yana aikin lantarki ko kafinta kafin ya zama mai duba gini, yana da yadda ya fi son a yi abu. Wani kuma abin da ya haddace na tsohon bugu ne. Idan ya zauna zai rubuta lamba, dole ya buɗe littafi, kuma a nan ne zai rarrabe abin da doka ta ce da abin da ransa ya so. In ya nemi sashen bai samu ba, to ba laifi ba ne, shawara ce, kuma ba a sa mutum ya fasa bango saboda shawara. Irin wannan damuwa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa wayar gari a Najeriya ya tarar da jan fenti a katangarsa an ce a dakatar da aiki, ba tare da an gaya masa ƙa'idar da ya taka ba.

Sai maganar ɗaukaka ƙara. Kundin ya tanadi kwamitin da ke sauraron ƙorafi, amma kwamitin ba shi da ikon yafe wa kowa doka. Abu uku kawai ake kai masa: an yi wa sashen gurguwar fassara, ko sashen bai shafi wannan aikin ba, ko ga wata hanyar gini da ta kai ta dokar inganci ko ta fi ta. Duka ukun suna buƙatar a san sashen. Wanda ba a faɗa masa lamba ba, da me zai tsaya gaban kwamiti? Shi ma jami'in lambar tana kare shi, domin idan ɗan kwangila ya zo da fushi yana cewa an tsane shi, shafin littafi za a buɗe masa.

Jihar Florida ta ɗauki matsaya a rubuce. Bayan guguwar Andrew ta 1992 ta ragargaza dubban gidaje, jihar ta samar da kundi guda na jiha baki ɗaya, wanda ya fara aiki a 2002. Sashe na 553.79 na dokokin jihar ya ce idan aka hana mutum izinin gini ko aka soke shi saboda saɓa wa kundin, dole hukuma ta nuna ainihin abin da ya saɓa, ta kuma ambaci babi da sashen da ta dogara da su. Jami'in da ya hana izini bai ba da dalili ba, ana iya ladabtar da shi ta lasisinsa.