Ruwan da ke ɗiga daga shakman, wa ya zuba shi?

(Asuba a Ɗa'if. Mota a tsaye, inji na aiki, ruwa na ɗiga ƙasa.)

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Duk lokacin sanyi sai irin wannan bidiyon ya dawo WhatsApp. Wani bawan Allah ya tayar da mota da asuba, ya tara kofin shayi a bakin shakman, wato salansa, ya ɗaga ruwan da ya taru, ya ce an haɗa masa banzin, wato fetur, da ruwa a gidan mai. Har da rantsuwa. Ni ma kawuna ya turo min, ya ce in duba masa.

To Kawu, ruwan dai ruwa ne, mutumin bai yi ƙarya ba. Sai dai ba daga tanki ya taho ba. Injin ne ya haife shi yanzun nan.

(Famfon gidan mai, tukunyar gas, jarkar kananzir.)

Fetur, dizal, kananzir, gas ɗin girki, duk 'yan gida ɗaya ne. Abu biyu ne ginshiƙinsu: kabon da haidurojin. Ko fetur mai lamba 91 kore ka sha, ko mai lamba 95 ja, labarin ɗaya ne.

Ga inda ake ɓata, don haka a nan zan ja burki.

Mu a bakinmu cewa muke yi wuta ta cinye abu. Mai ya ƙone, shi ke nan, ya tafi. Amma wuta ba ta haɗiye komai. Aure take ɗaurawa. Tana raba kabon da haidurojin, ta aurar da kowanne ga oksijin ɗin da ke cikin iska. Kabon ya samu oksijin, sai a haifi kabon dayoksaid. Haidurojin ya samu oksijin, sai a haifi me? Ku dubi allo.

(H₂O)

Ruwa. Irin wanda kake alwala da shi, ko da yake wannan na kofin ya kwaso dauɗar salansa, kada wani ya ce na ce a sha.

Ɗauki oktan, ɗaya daga cikin sinadaran fetur: kabon 8, haidurojin 18. Haidurojin bibbiyu suke kama oksijin guda, ka ga ƙwayar oktan ɗaya ta ba da ƙwayar ruwa 9 ke nan. In aka tara, litar fetur guda, da nauyinta bai wuce wajen giram 740 ba, tana fitar da ruwa kusan lita guda, ga kuma kabon dayoksaid kilo 2.3 a kai. Fiye da kilo uku daga abin da bai cika kilo ba! Ina ƙarin ya fito? Daga iska. Kowane kilo na fetur sai inji ya zuƙi iska kilo 14.7 kafin ya ƙona shi yadda ya kamata. Kuma oksijin ya ninka haidurojin nauyi sau 16, shi ya sa in ka raba nauyin ruwan nan gida tara, gida takwas oksijin ne. Wato yawancin abin da ke kofin mutumin nan iskar Ɗa'if ce, kyauta ya same ta, ko halala, wato kwabon Saudiyya, bai biya ba.

To me ya sa sai da asuba? Kullum ruwan yana fita, amma a matsayin tururi, ido ba ya ganinsa. Idan ƙarfen salansa ya kwana cikin sanyin tudu, tururin na taɓa shi sai ya koma ruwa. Bayan 'yan mintuna ƙarfe ya ɗau zafi, ɗigar ta tsaya. Ka je Jidda da azahar a watan Yuli ka tara kofi, sai ka gaji da tsayuwa.

(Kicin. Buta cike da ruwan sanyi a kan gas.)

Hajiya, wannan gwajin naki ne. Ɗora busasshiyar buta mai ruwan firji a kan gas, ki leƙa gefenta. Kin ga zufar nan da ta feso nan take? Ruwan harshen wuta ne. Tun 1783 Lavoisier na Faransa ya nuna haka ruwa yake samuwa, sunan haidurojin ma ma'anarsa "mai haifar da ruwa".

Sauran a gurguje. In iska ta yi ƙaranci, kabon ba ya samun oksijin da ya ishe shi: wuta ta yi ɗorawa, gindin tukunya ya yi baƙi, kuma a samu kabon monoksaid, wanda ba shi da launi ba shi da wari, yana kuma kisa. Don Allah kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, kada a bar mota na aiki a rufaffen gareji.

Da a ce da gaske akwai ruwa a man, ƙasan tanki zai kwanta don ya fi fetur nauyi, kuma motar za ta yi ta tari tana mutuwa a hanya. Wanda zai kai ka warsha, wato wurin makanike, shi ne farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa ko inji ya yi zafi, ga ruwan lagireto na raguwa. Wannan kam a sa makanike ya duba gasket.